Shekara bakwai a takarda: rayuwar matan da Birtaniya ta kora zuwa Ostireliya

Duk ranar 26 ga Janairu, idan Ostireliya na bikin ranarta ta ƙasa, sai wata tsohuwar magana ta sake tasowa a kafafen sada zumunta: ai ƙasar fursunoni ne suka kafa ta. Daga nan musu ya kaure, kuma a kan matan ya fi zafi. Wasu su ce ɓarayi ne da karuwai Ingila ta sharo daga lungunan Landan ta je ta zubar. Wasu su ce sam, bayin Allah ne da yunwa ta sa suka ɗauki burodi, aka raba su da 'ya'yansu a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kowane ɓangare yana da abin kafa hujja, kowanne kuma akwai abin da ya tsallake.

Adadi dai ba a musu a kansa. Tsakanin 1788 da 1868 Birtaniya ta kwashi fursunoni kimanin 162,000 zuwa Ostireliya, kusan 25,000 daga cikinsu mata. Galibinsu shekara bakwai alƙali ya yanka musu, amma kaɗan ƙwarai ne suka sake taka ƙasar haihuwarsu. Gane wannan lamari sai an duba ratar da ke tsakanin hukuncin da ke rubuce da wanda matan suka sha a zahiri.

Wane irin hukunci ne?

Ya sha bamban da korar baƙi ta yau, inda ake mayar da mutum ƙasarsu. Ya kuma bambanta da korar da Turawan mulkin mallaka suka yi wa wasu sarakunan Arewa, irin su Sarkin Kano Alu da ya ƙare rayuwarsa a Lokoja. Waccan siyasa ce, ana nesanta mai sarauta ne da jama'arsa. Wannan hukuncin kotu ne a kan 'yar ƙasa da aka samu da laifi: a fitar da ita, a kai ta wani yanki da Birtaniya ke mallaka, ta yi aiki ba lada na shekara 7, ko 14, ko har ƙarshen rai. Wadda ta dawo gida kafin wa'adinta ya cika, doka ta ce a rataye ta, kuma haka dokar ta zauna har 1834.

Kulle mutum a ɗaki ba shi ne ginshiƙin hukuncin ba. Mace na iya shafe wa'adinta kaf a gidan wani manomi tana wanki da girki. Guminta gwamnati ta mallaka, kuma tana iya miƙa shi ga wanda ta ga dama.

Daga igiya zuwa jirgin ruwa

A ƙarni na 18 Ingila ba ta da 'yan sanda irin na yau, ba ta kuma da manyan gidajen yarin da ake ajiye mai laifi shekara da shekaru. Tsoratarwa majalisa ta dogara da ita, ta yi ta ƙara laifuffukan da hukuncinsu kisa ne har suka haura 200. Satar kayan sule biyar a kanti, ko na sule 40 a cikin gida, na iya kai mutum ga igiya. Masu taya alƙali yanke hukunci sukan ji nauyin abin, sai su karya kuɗin kayan da gangan, su ce na sule 39 ne, don mai laifi ta tsira da ranta. To idan ba a rataye ta ba, ina za a kai ta?

Dokar 1718 ta ce Amurka. An kai fursunoni kimanin 50,000 can, mafi yawa Maryland da Virginia, inda 'yan kasuwa ke sayar da wa'adin aikinsu ga masu gonakin taba. Yaƙin neman 'yancin Amurka da ya ɓarke a 1775 ya toshe wannan hanya. Gidajen yari suka cika maƙil, har aka mayar da tsofaffin jiragen ruwa a Kogin Thames kurkukun maza. An gwada Afirka ta Yamma: a farkon shekarun 1780 an tura wasu fursunoni ganuwoyin Turawa da ke gaɓar ƙasar Gana ta yau, cuta ta cinye da yawansu, kuma a 1785 kwamitin majalisa ya yi watsi da shawarar zuba su a wani tsibiri cikin Kogin Gambiya. Bayan haka ne aka tsayar da Ostireliya.

Ayarin farko, jirage 11 a ƙarƙashin Arthur Phillip, ya tashi daga Portsmouth ranar 13 ga Mayu 1787, ya yada zango a inda Sidni take yau ranar 26 ga Janairu 1788. Cikin fursunoni sama da 700, kusan 190 mata ne. Dalilin haɗawa da su a fili yake: garin maza zalla ba ya zaunuwa, ana bukatar masu aikin gida, matan aure da iyayen 'ya'ya. Duk da haka, a tsawon tarihin tsarin, fursunoni maza sun ninka mata fiye da sau biyar, kuma wannan ƙaranci shi ya shata kusan komai na rayuwarsu a can.

Su wane ne, kuma me suka yi?

Mafi yawansu 'yan mata ne da masu ƙuruciya, 'yan shekara ashirin da wani abu, masu aikatau, wankau, ɗinki ko aikin masaƙa. Fiye da ɗaya cikin uku 'yan Ailan ne, wadda a lokacin take ƙarƙashin Landan. Sata ce laifin da ya fi yawa nesa ba kusa ba: tufafi, yadi, hankici, cokalin azurfa, agogon aljihu, abubuwan da ake saurin kaiwa jingina a karɓi kuɗi. Karuwanci ita kaɗai ba ta cikin laifuffukan da ake kora a kansu, ko da yake akwai waɗanda aka kama da laifin yashe aljihun mazan da suka neme su.

Esther Abrahams leshi ta sata. Mary Wade ba ta kai shekara 14 ba aka yanke mata hukuncin rataya a kotun Old Bailey a 1789, saboda ita da wata sun tuɓe wa wata ƙaramar yarinya kaya sun jinginar. A shekarar ne aka yi murnar samun sauƙin Sarki George na Uku, sai aka sassauta wa matan da ke jiran igiya, aka mayar da hukuncin nasu kora.

Amma labarin 'yar burodi ɗaya ma ba shi ne duka ba. Da yawa ba karon farko ke nan da suka tsaya gaban alƙali ba, musamman matan Sikotilan, inda ba a cika korar mutum sai ya sha maimaita laifi. Akwai masu buga jabun kuɗi, masu karɓar kayan sata, da 'yan ƙalilan masu laifin kisa. A ɗaya gefen, lokacin babbar yunwar Ailan da ta fara a 1845, an samu matan da suka cinna wa rumbu ko bukka wuta da gangan, suka tsaya a wurin har aka kama su, don a kore su zuwa inda ake samun abinci.

Watanni a kan teku

Ayarin farko ya kwashe wata takwas a hanya; daga baya tafiyar ta koma kimanin wata huɗu. Shekarun farko su suka fi muni, kuma laifin yana ga yadda aka tsara kwangila. Ayari na biyu, na 1790, an ba da shi ga wani kamfanin da ya saba da safarar bayi, ana biyansa a kan kowane fursuna da ya shiga jirgi, ya iso da rai ko bai iso ba. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fursunoni kusan 1,000 sun mutu a hanya. Jirgin Lady Juliana, mai ɗauke da mata 226 har da Mary Wade, ya yi wata goma yana tafe amma mata biyar kawai suka mutu, domin an ciyar da su. Sai dai wani ma'aikacin jirgin, John Nicol, ya ba da labari daga baya cewa da suka bar gaɓa kowane namiji ya zaɓi mace daga cikinsu. Mace nawa ce ta yarda don ranta na so, nawa ce ta yarda don samun kariya da ƙarin abinci, tambaya ce da masana ke ta juyawa, domin wadda ke tsare ba ta da cikakken ikon cewa a'a.

Daga 1815 aka riƙa sa likitan sojan ruwa mai cikakken iko a kowane jirgi, mace-mace suka ragu ƙwarai. Elizabeth Fry, mai fafutukar gyara gidajen yari, wadda ta fara ziyartar kurkukun Newgate na Landan a 1813, ta sa aka daina kwasar matan zuwa tasha a buɗaɗɗiyar keke jama'a na yi musu ihu da jifa, kuma ita da ƙungiyarta sukan ba kowacce allura, zare da ƙyallaye. Da irin waɗannan ne matan jirgin Rajah suka harhaɗa wani babban mayafin gado a 1841, wanda yanzu yake gidan adana zane-zane na ƙasa a Canberra. Haɗarin teku kam bai gushe ba. A 1833 jirgin Amphitrite ya tarwatse a gaɓar Boulogne ta Faransa, mutanen gari na kallo, mata sama da 100 da yaransu suka halaka baki ɗaya.

Raɗaɗin da takardu ba su cika nunawa ba shi ne na 'ya'ya. Akan bar wasu su tafi da ƙananan yara. Manyan kuwa sai dangi ko gidan gajiyayyu na gundumarsu, kuma yawanci rabuwar ke nan.

Aikatau, masana'anta da goyo

Da jirgi ya iso, akan rubuta tsawon mace, launin gashi da ido, tabo ko zanen jiki, sana'arta, da ko ta iya karatu. Sannan a raba su ga masu neman 'yan aiki. Maigida zai ciyar, ya tufatar, ba ya biyan lada. A nan sa'a ke shiga. Wadda ta faɗa gidan kirki tana iya cika wa'adinta lafiya. Wadda aka kai ƙauyen da ba kowa sai maigida da barorinsa maza, ba ta da wurin gudu, kuma idan ta gudu ita ce mai laifi. Maigida na iya kai ta gaban majistare don rashin kunya, maye, ko kwana a waje, abubuwan da 'yantacciyar 'yar aiki sallama kawai za su jawo mata.

Wadda aka hukunta, ko ba a samar mata gida ba, ko ta yi ciki, sai a kai ta gidan da suke kira masana'antar mata. Mafi shahara su ne na Parramatta kusa da Sidni, wanda aka buɗe sabon gininsa a 1821, da na Cascades a Hobart, cikin tsibirin da yau ake kira Tasmaniya, wanda ya yi aiki daga 1828 zuwa 1856. Gida ɗaya ne amma shi ne kurkuku, shi ne wurin ɗaukar 'yan aiki, shi ne asibitin haihuwa. An kasa matan aji uku. 'Yan ajin horo su ke tsayuwa a bakin kwamin wanki yini guda, ko su zauna suna warware tsohuwar igiyar jirgi mai kwalta da yatsu. Horon ya haɗa da ɗakin duhu da burodi da ruwa, wani lokaci zoben ƙarfe a wuya. Wanda suka fi ƙi shi ne aski. Mahukunta sun gane cewa sauke wa mace gashi ya fi mata ciwo a kan kullewa, suka riƙe shi makami, musamman da aka daina yi wa mata bulala. A 1827 matan Parramatta sun ɓalle ƙofa sun fantsama cikin gari saboda an rage musu abinci, sai da sojoji suka koro su.

Batun ciki shi ya fi fito da saɓanin da ke cikin tsarin. Gwamnatin da ta kawo mata don gari ya hayayyafa ita ce ke hukunta wadda ta haihu ba aure. A Tasmaniya, maigida kan mayar da 'yar aiki masana'anta da zarar ciki ya fito, ko da kuwa nasa ne ko na wani a gidansa, ba mai tambayar uban. Bayan ta haihu ta yi 'yan watanni tana shayarwa, sai a yaye jaririn da wuri, ita kuma ta yi wata shida a ajin horo kafin a sake tura ta aiki. Cascades a gindin dutse aka gina ta, wuri mai danshi da ƙarancin rana, ɗakin renon kuma a cunkushe. Gudawa da rama suka yi ta kashe jarirai, har a 1838 jaridun Hobart suka tayar da ƙura aka yi bincike. Yaron da ya rayu ya kai shekara biyu zuwa uku, sai gidan marayu na New Town, alhali uwarsa na da rai. Ba za ta karɓe shi ba sai ta samu 'yanci ta kuma nuna tana da abin riƙe shi.

Hanyoyin fita

Wadda ta yi wasu shekaru ba a kai ƙararta ba tana iya samun takardar ɗaurin talala: ta yi aikin kanta ta ci ladanta, amma ba za ta bar gundumar da aka rubuta mata ba. Gaba da wannan akwai afuwa mai sharaɗi, wadda ke 'yanta mutum muddin ba zai koma Birtaniya ba, sai cikakkiyar afuwa, sai takardar cikar wa'adi.

Aure ya fi duka sauri. Da izinin gwamna, fursuna na iya auren 'yantaccen mutum ko tsohon fursuna, ta koma hannunsa a madadin maigida. Gwauraye daga ƙauyuka sukan zo Parramatta, a jera musu mata, mutum ya zaɓa, idan ta amince a ɗaura. Wasu sun bar miji a Ingila amma suka ce su zawarawa ne. Bincike daga wannan nisa ba abu ne mai sauƙi ba.

Komawa gida ita ce ƙofar da ta fi rufuwa. Gwamnati ba ta biyan kuɗin jirgin dawowa. Namiji na iya shiga jirgi a matsayin ma'aikaci ya biya da ƙarfinsa, mace ba ta da wannan dama, ga shi kuma kafin shekara bakwai ta cika yawanci ta tara 'ya'ya. Mary Bryant ta gwada ta ƙarfi: a 1791 ita da mijinta, 'ya'yansu biyu da wasu maza bakwai suka sace ƙaramin jirgin gwamna, suka yi tafiyar sama da kilomita 5,000 har tsibirin Timor. An kama su, miji da 'ya'yan duka suka mutu a hanyar mayar da su Ingila. Ita aka yi mata afuwa a 1793.

Inda masana suka rabu

Mummunan sunan daga manyan lokacin ya samo asali. A 1806 limamin coci Samuel Marsden ya lissafa mata 1,430 na yankin Sidni, ya ce 395 ne matan aure, sauran 1,035 'yan dadiro. Sai dai auren cocinsa kaɗai yake ƙirgawa, don haka matar da ta shekara goma da miji ɗaya da 'ya'ya ma ta faɗa rukuni na biyu. Kwamitin Molesworth na majalisar Birtaniya, a rahotonsa na 1838, ya yi musu kuɗin goro a matsayin mashaya kuma karuwai. Kwamitin yana neman hujjar rushe tsarin ne, kuma masu hannu da shuni ya saurara.

A 1965 masanin tarihi Lloyd Robson ya ƙiyasta cewa ɗaya cikin biyar ta taɓa karuwanci kafin a kore ta, ya kuma karkata ga cewa ba mutanen arziki ba ne. A shekarun 1970 Anne Summers da wasu suka juya maganar: tsarin ne ya mayar da su abin biyan bukatar maza sannan ya zage su a kai. A 1996 Deborah Oxley ta bi takardun mata kusan 7,000 da suka isa tsakanin 1826 da 1840, ta nuna cewa galibinsu masu sana'a ne a ganiyar ƙarfinsu, kuma mafi yawa sun iya karatu ko da ba rubutu. Masu sukar wannan ra'ayi na cewa sana'ar da ke takarda abin da mace ta faɗa da bakinta ne. Wasu kuma na ganin duk wanda ya ɗauke su abin tausayi kawai ya manta da masu bore, masu gudu da masu kasuwanci.

Akwai masu cewa korar ma alheri ta zame musu, kuma ba su rasa misali ba. Mary Reibey, wadda aka kama da satar doki tana shekara 14 sanye da kayan maza, ta zama hamshaƙiyar 'yar kasuwa a Sidni, hotonta na kan takardar dala 20 ta ƙasar. Susannah Holmes da mijinta Henry Kable, dukansu fursunoni, sun kai ƙarar shugaban wani jirgi a 1788 kan kayansu da suka ɓace, aka biya su fam 15, abin da dokar Ingila ba za ta bar wanda aka taɓa yanke wa kisa ya yi ba. Abinci ma, musamman nama, ya fi samuwa a kan na talakan Landan ko Ailan. Amma ana tuna waɗannan sunaye ne don ba su da yawa, kuma lissafin riba ba ya ɗauke da jariran Cascades. Ba ya kuma ɗauke da 'yan asalin ƙasar, waɗanda a kan filayensu aka kafa gonakin da matan ke wa aiki. A Tasmaniya yaƙin ƙwace ƙasa na shekarun 1820 zuwa 1832 ya kusa share su.

Ƙarshen tsarin da abin da ya bari

An daina kai fursunoni yankin Sidni a 1840. 'Yantattun mazauna sun gaji da sunan ƙasar fursunoni, suka kafa ƙungiyar adawa, kuma da aka gano zinariya a 1851 sai kora ta fara kama da kyautar tikiti. Jirgin mata na ƙarshe ya isa Hobart a Afrilun 1853. Yammacin Ostireliya ya ci gaba da karɓa har 1868, amma maza kawai. A Ingila aka koma ɗaurin shekaru a gida, kurkukun Brixton ya zama na mata a 1853.

Matan da suka yi aure suka tara iyali sun narke cikin jama'a, yawanci suna ɓoye asalinsu hatta ga jikoki. Waɗanda tsufa ya riska ba miji ba ɗa, a gidajen gajiyayyu na gwamnati da dama suka ƙare. Kunyar ta ɗauki kusan ƙarni guda kafin ta juye ta zama abin alfahari. Yau ana ƙiyasta kusan ɗaya cikin biyar na 'yan Ostireliya jinin fursuna ne, kuma tsohon firaminista Kevin Rudd na cikin zuriyar Mary Wade. An ɗora takardun Old Bailey da na Tasmaniya a intanet, iyalai na bin sawun kakanninsu laifi bayan laifi. UNESCO ta sa Cascades cikin wuraren tarihi na duniya a 2010 tare da wasu wurare goma na fursunoni. Masana'antar Parramatta ba ta shiga wannan jerin ba. A 2017 aka sa ta a na ƙasa, kuma masu fafutuka sun ci gaba da neman a ɗaga ta zuwa na duniya.